Ƙotar Bindiga a Ƙofar Gayan

A Ƙofar Gayan, bayan shagon mai faci,
akwai rumfar da kwanonta ya gaji da tsayuwa.
Nan Baba Cindo ke zama kan turmi a kife,
ƙotar bindiga a cinyarsa,
yana juya ta kamar mai duban ƙwai a rana.

Ba tasa ba ce. Ta Mati maharbi ce,
gadon kakansa da ya yi aikin reluwe.
Icenta ba maɗaci ba ne, ba ƙirya ba, ba maɗobiya,
wani baƙon ice ne daga ƙasar sanyi,
jijiyoyinsa na murɗawa
kamar Kubanni in damina ta fara janyewa.

Na ce, "Baba, ga fanish a Sabon Gari,
feshi ɗaya, kafin la'asar ta ɗau sheƙi."
Bai ko ɗago ba.
"Fanish riga ce, Tanimu, riga kuwa tana yagewa.
Mai shi ke shiga har ɓargo."

Da ɓallin kwalba ya kankare dattin shekaru,
gumin mutum uku, tsatsa, hayaƙin albarushi.
Ya bi da ganyen ɓaure mai kaushi,
ya yayyafa ruwa, gashin icen ya miƙe,
ya sake kwantar da shi.

Sannan ɗigo uku. Ba huɗu ba.
"Man gyaɗa na miya ne, ba ya bushewa.
Man kaɗe na fason ƙafa ne.
Wannan na kwalbar maganin tari
shi ke shan iska ya ƙame."
Ya murza da tafi har tafin ya ɗau zafi,
ya share ragowar da tsohon zanen Iya,
ya rataye ta da waya inda rana ba ta kaiwa.

Gobe haka. Jibi a bar ta ta huta.
Sau uku Mati na zuwa da keke,
sau uku yana komawa da "tukuna."
Na huɗun ya yi dariya, ya ce ba gaggawa,
gindin Kufena duk an yanka filaye,
ko zomo sai an yi nisa ake gamuwa.

A shafa ta sha tara hannun Baba ya soma rawa.
Ya kama nawa, ya ɗiga mini ukun,
ya ce, "Kada ka duba. Ji za ka yi.
In ta ƙoshi, ita za ta ƙi karɓa."

Ta ƙi karɓa ran wata Laraba.
Ba ta ƙyalli irin na madubi,
haskenta daga ciki yake, kamar zuma a kwalba.
Baba bai gani ba.

Yanzu kujeru nake fesawa a Tudun Wada,
goma kafin azahar, ƙyalle a hanci.
Amma wani lokaci, in mai shago ya fita,
nakan ɗora tafi a kan hannun kujera,
in ji ba ta sha komai ba.