Kwanon Nazih

Kwana arba'in cif ina cin abu guda:
latas, tumatir, kokwamba, ɗan gishiri,
tun ran da likita ya kasa kunne a ƙirjina
ya ce, "Nazih, kai da suya kun yi sallama."
Kafinta ne ni, shekara hamsin ina fiƙe katako a Saida,
ban taɓa zaton a ƙarshe
dusar zarto za a zuba mini a kwano ba.

Tagar madafata tana kallon ta Wadi'a.
Ta hango ni ina juya cokali
kamar mai tonon rijiya a kan dutse.
Ta ce, "Ko akuya tana sauya makiyaya."
Ta miƙo hannu ta saman igiyar shanya
da rabin rumman, bakinsa a buɗe,
jajayen haƙora suna yi mini dariya.

Na bubbuga bayansa da cokalin katako,
'ya'yan suka zubo kamar ƙanƙarar farkon damina.
Ɗaya ya fashe tsakanin turamena.
Na ajiye cokali.
Ashe harshena barci yake, bai mutu ba.

Washegari ta ce, "Gurasar jiya fa?"
Na ce ta bushe, ta tattabaru ce.
Ta ce, "Tattabaru sun fi ka wayo."
Na gasa ta, na ɓarɓasa a kan ganye,
kwanon da ya yi shiru kwana arba'in
ya soma magana, ƙurus, ƙurus,
har na rage muryar rediyo don in ji shi.

Daga nan sai hannu ya buɗe.
Na'a-na'a, a yage da yatsa, wuƙa tana ɓata mata rai.
Lemon zaƙi, a fere shi tsirara,
a haɗa shi zama da albasa da baƙin zaitun,
su yi ta gardama har man zaitun ya shiga tsakani.
Riɗi ya sha wuta kaɗan kafin ya hau.
Ɓaure in ya nuna ya tsage,
farin cuku ne abokin hirarsa.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Wata Laraba na haɗa kankana da kifin gwangwani,
na kai wa Wadi'a da alfahari.
Ta ɗanɗana, ta dubi teku, ta daɗe tana duba.
Kyanwarta ta shinshina, ta fita daga gidan.

A bayan kanta, inda hannuna bai kai ba
tun shekara uku da rasuwar Ilham,
na taɓo wata 'yar kwalba mai jan gari,
da rubutunta a jiki, harafi na jingina da harafi:
summaƙ.
Na barbaɗa a kan tumatir, na kai baki.
Tsamin nan ne. Shi ne na ranakun Lahadi,
lokacin da nake ci ina karanta jarida,
ban taɓa tambayar me ta sa ba.
Na zauna a ƙasa, bayana a jikin firji,
na cinye kwanon da hannu.

Yanzu da sassafe nakan bi tsohuwar kasuwa,
ƙarƙashin bakunan dutse masu warin gishirin teku.
Ba na zuwa da takarda.
In ce wa Ra'if mai kayan lambu, "Me ya sauko daga tudu?"
Abin da ya ce, shi ne abincin rana.

Jiya jikana, wanda ke gudun kore kamar allura,
ya saci gurasa daga kwanona,
ganye ya biyo ta, bai lura ba.
Na yi kamar ina neman murfin kwalba.
Ta taga, Wadi'a tana shanya tawul,
ba ta ce komai ba,
ta dai ɗaga mini gira ɗaya.