Burgamin Baba

Burgamin da Baba ya bar mini ya mutu ranar Laraba,
can ƙetaren gulbi, da gada a cikinsa.
Ɗinkin gindi ya saki, na ji nauyi ya bar kafaɗata,
na waiwaya: ga nama a ƙasa, ga Duna yana lasa.
Haka na shigo Gummi da gada saɓe a wuya,
jini na bin ƙeyata har cikin wando.

Kulu ta ce, fata ma tana da wa'adi,
je ka kasuwa, ka bar yi wa gawa magani.

A rumfar Ɗan'ige mai gwanjo
jakunkuna na reto kamar jemagu a kuka.
Ya sauko da wata mai kalar soja,
aljihu goma sha ɗaya, ya ƙirga mini da yatsa.
Na ce mai da ta.
A wannan zamani, mutum da bindigar toka
da kayan soja a baya, tsakiyar daji,
wa zai tsaya tambayar sunansa?
Kuma me zan zuba a aljihu goma sha ɗaya?
Gorar ruwa ce, ƙullin albarushi, wuƙa, ashana,
ƙuli-ƙuli, igiyar rama,
sai goro biyu na hanyar dawowa.

Ta biyu ja ce kamar barkono a shanya,
ko makahon zomo ya hango ta.
Ta uku na shafa, ta yi ƙara kamar ledar burodi.
Fakara da ke jin tafiyar tururuwa,
ita zan je wa da wannan mai surutu?

Can ƙasa, ƙarƙashin takalman yara,
wata mai launin ƙasa ta kwanta, ba wanda ya taya.
Ciki ɗaya ne, mai faɗi, baki na tsukewa da igiya,
maratayi biyu masu kauri, da maɗaurin ƙugu.
Na ce ara mini ita zuwa layin 'yan hatsi.
Na sa aka auna tiya shida ta gero a ciki,
nauyin gada ke nan in ta sha damina.
Na goya, na ɗaure, na zaga kasuwa sau biyu,
na durƙusa, na miƙe, na tsallake kwata.
Yara na dariya, wai tsoho ya goyi gero.
Nauyin bai rataya a wuyana ba,
ya sauka ya zauna a kwankwaso,
inda mata suka san ajiye shi tun kafin a haife ni.

Ya ce dubu tara. Na taya biyar, ya ce albarka.
Muka rabu a shida da alkawarin cinyar zomo.

Daga nan sai zauren Labbo baduku.
Na shimfiɗa masa abin da ya rage na burgami:
yanko inda bai ruɓe ba, ka shafe gindin wannan,
jini ba ya jin kunyar yadi.
Ya kai fatar hanci, ya daɗe bai ce komai ba,
sannan ya ce, jimar ubana ce,
bagaruwarsa har yau ba ta fita ba.
Ya ƙi karɓar ko kuɗin zare.

Asabar na fita tun assalatu.
Na wuni bin sawun da ya kwana biyu.
Duna ya kori kurege ɗaya, kuregen ya fi shi karatu.
La'asar sakaliya na juyo, ban harba ko sau ɗaya ba.
Amma kanya ta nuna a bakin fadama,
na cika jakar har wuya.
Tumba ta tare ni a ƙofar gida,
ta zura hannu ciki har kafaɗa,
ta ce, Baba, jakarka warin Kaka take yi.