Gefen Tabo

Shekara talatin ina ƙona ƙarfe a Suame,
ban taɓa jin an ce rana na da iska ba,
sai ranar da Barikisu ta sauko daga torotoro,
littafi a hammata, baƙin mai a takalmi,
ta ce, Baba, ara mini gilashin waldarka.

Ta ɗaga shi sama, ta daɗe,
sannan ta miƙo: ka ga ɗigon can?
Na gani. Ƙuda a bakin faranti.
Ta ce ya fi duniyarmu faɗi.

Nan ake rigimar, in ji ta.
Igiyoyin maganaɗisu sun tanƙware kamar hannun bokiti,
kai a kafe, ƙafa a kafe,
sun rungume wuta, sun hana ta ƙofa.
Amma can gefe, inda tabon ya ƙare,
ɗaurarriya takan gogi sakakkiya,
su tsinke, su ƙullu a karkace,
abin da ke tsare ya ga tsaga
ya sulale.

Mai gaggawa ta manyan ramuka take fita,
kowa ya san ƙofar gidansu.
Mai nawa ce aka daɗe ana cigiyar asalinta.
Na ce, nawarta kamar yaya?
Ta ce, kwana huɗu ta iso kanmu.
Yarana suka tuntsire da dariya,
mu da gyaran tirela ɗaya ke cinye mana wata.

Ni ban yi dariya ba.
Na tuna gidanmu na Aboabo,
ni da uwarta muna ta tartsatsi,
maƙwabta na leƙe ta katanga,
kowa idonsa a tsakiyar wuta.
Ita tana bakin zaure, kan tsohuwar taya,
tana lissafi a bayan kwalin sabulu.
Wa ya ga fitarta?
Ba ta buga ƙofa ba, ba ta ɗaga murya ba.
Kaɗan kaɗan,
har ta yi nisan da sai da gilashi nake hango ta.

Ta ce har yanzu masana ba su gama gardama ba.
Na ce, su zo su tambaye ni.

Ta mayar mini da gilashin,
da sawun babban yatsanta a kusurwa.
Ban goge ba.
Na ja shi kan fuska, na kunna wuta,
ina kallon gefe.