Ɗan Aike Mai Waya Uku

Afrilu ya zauna wa Kaduna a ƙirji,
kwalta ta zama tanda,
sitiyari ba ya taɓuwa sai da tsumma.

Sau uku na sayi gas cikin wata biyu:
a Kakuri, a bakin Kasuwar Barci,
sai wurin wani da ya rantse har da dafa ƙirji.
Duk wanda ya leƙa sai ya ce, yoyo ne, a ƙara.
Na ƙara.
Motar ta ci gaba da hura mini iskar gidan burodi.

Daga nan sai Panteka, rumfar Barau,
mutumin da ba ya amsa gaisuwa sai ya gama ɗaure noti.
Ya saƙala geji biyu,
shuɗi a kan babban bututu, ja a kan siririn.
Allurai suka miƙe, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.
Ya ce, "Gas ɗinka ya ƙoshi har da gyatsa.
Wa ya ce maka yunwa yake ji?"

Na tayar da injin, na danna maɓalli.
Ya kara kunne yana jiran ƙas ɗin kuloci.
Shiru.
Bel na ta zagaye, kwamfureso ya naɗe hannu.
Fis lafiya lau.
Ya ɗauke rile ya ba hon aro, hon ya tsala ihu,
rile ya fita daga zargi.

Sallau, yaron shago, ya matso da guntuwar waya:
"Oga, mu haɗa shi kai tsaye mana, ya tashi dole."
Barau ya dube shi ta saman tabarau.
"Don maigadi ya yi shiru sai ka cire ƙofa?
Ranar da zafi ya kumbura bututu a kan gadar Kawo,
wa zai ce a tsaya?"

Ya zura hannu bayan lagireto
ya nuna mini wani ɗan abu, bai kai babban yatsa ba,
kai na roba, gindi na ƙarfe, waya uku.
"Sensa ke nan. Ɗan aike ne.
Shi ke leƙa bututu ya kai wa ƙwaƙwalwar mota labari.
In ya ce babu, to babu,
ko da rumbu na neman fashewa."

Ya ɗora mita.
Waya ta farko: biyar, abincinsa na isowa.
Ta biyu ta kama ƙasa daram.
Ta uku, mai ɗauke da saƙo,
sifiri.

Na ce a sayo sabo, nawa ne?
Bai tanka ba. Ya zare soket ya ɗaga wa rana.
Ciki ya yi kore kamar bakin tsohuwar rijiya,
ruwan wankin injin ya shiga ya tare.
Tsohon buroshin haƙori, ɗigon fetur,
tsinin allura ya matse haƙoran da suka saki.
Ya hura. Ya mayar.
Mita ta yi motsi, ɗaya da 'yan kai.

Ƙas!

Sanyi ya fara daga gwiwata, ya hau.

Yana goge hannu ya ce,
"Ka gani, shi ma bai yi ƙarya ba.
Maganarsa ce ta ruɓe a hanya."
Ya karɓi kuɗin da bai kai rabin gas ɗaya ba.

Na ɗage gilashi na fito titi.
Wajen Tudun Wada na sami inuwar darbejiya na tsaya.
Shekara biyu ke nan ba na magana da Yaya Tukur
a kan filinmu na Rigasa,
a kan an ce ya ce,
ni ma an ce masa na ce.
Ban taɓa ɗora mita a kan wayar da ke tsakaninmu ba.

Lambarsa na nan, ban goge ba.
Tana ƙara.
Na rage fanka don in ji da kyau.