Kuɗin Sanyi

Tirela ta taso daga Kadawa ran Talata,
ta iso Mil Sha Biyu daren Alhamis,
direba na hamma, tumatir na gumi.
Kwando arba'in na sauke.
Kafin la'asar ɗin Juma'a tara sun fara kuka,
jan ruwa na bin gindin kwando
har ƙudaje suka kafa majalisa.
Legas ba ta jiran mai ɗanyen kaya.

Sai ga Morenike, injiniya, da hular kwano da takardu,
ta ce in zo in ga abu a bayan rumfar masu albasa.
Ɗaki ne kamar kwantena, faranti sha shida a rufinsa,
a cikinsa tanki maƙil da ruwan gishiri.
Da rana, in ji ta, farantan su sha rana su ƙoshi,
inji ya daskarar da ruwan ya koma dutse.
Da dare dutsen ya yi ta numfashi a hankali,
ba janareta, ba dizal, ba zaman jiran a kawo wuta.
Rumbu ne, ta ce, sai dai sanyi ake zuba masa.

Na yi dariya, na ce Inna ta riga ki.
Randarta na riƙe sanyin asuba har azahar,
duwatsun murhunta na riƙe zafi har bayan lisha,
kuma ba ta taɓa sa hannu a takarda ba.
Ta ce, randar Inna kwando nawa take ci?
Na yi shiru. Can na ce, to, nawa?

Ta faɗa.
Na cire hula, na sake sawa.
Miliyan sha takwas, ban da kafawa,
ban da kuɗin fili, ban da na samarin layi
waɗanda ko tabarma ka shimfiɗa sai sun zo gaisuwa.
Faranti daga ƙetare, inji daga ƙetare,
dala ta yi tari, farashi ya kwana da mura.
Gishirin kaɗai ne namu, da ruwan, da ranar.

Na yagi gefen kwali, na ari biro wurin Lauwali.
Asarar mako kwando tara. Sau huɗu. Sau watannin zafi.
Lissafi ya ce shekara uku ɗakin ya biya kansa.
Lissafi bai san kuɗin makarantar Rabi'atu ba,
bai san mai gidan haya a Ketu ya yi ƙari ba.
Banki ya ce zo, ga bashi.
Ruwan tankinki na daskarewa, Morenike,
kuɗin ruwa ba ya daskarewa,
dare da rana gudu yake,
kuma tsakanina da shi akwai katangar da ba zan tsallaka ba.

Muka zauna mu sha ɗaya bayan magariba.
Adashe, in ji Mamman Tsoho.
Tanimu ya ce, in inji ya tsaya wa zai gyara?
Isiyaku ya ce wansa ya sayi firiza bara,
yanzu takalma yake ajiyewa a ciki.
Uku suka kaɗe riga. Shayi ya huce a kofi.
Shi ma, na ce a raina, ba ya riƙe zafinsa
sai ka saya masa fulas.

Ba mu saya ba.
Kamfani ya bar ɗakin, ya manna farashi a ƙofa:
ɗari biyar kwando, kwana ɗaya.
Jiya na sa shida, waɗanda suka fi nuna,
sauran na bar wa Allah da jiƙaƙƙen buhun algarara.
Da asuba na buɗe ƙofa, sanyi ya mare ni,
na taɓa tumatir, da tauri kamar yanzu aka tsinko.
Na biya dubu uku, na ƙirga canji sau biyu.

Rana ta ɓullo ta wajen Ikorodu,
kyauta, kamar kullum.
Na kare ido da tafin hannu na dube ta.
Ashe ba ke ce da tsada ba,
wurin ajiye ki ne.