Lissafin Fijo

Shekara goma sha tara tana kwance a Gwammaja,
ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu,
tayoyinta huɗu sun nutse a ƙasa.
Kazar Saude sau uku tana ƙyanƙyasa a kujerar baya.
Da Baba ya rasu, 'yan gwangwan suka zo da sikeli.
Na ce ba ta sayarwa ba ce.
Bakina ne ya riga ni.

Tasi'u bakanike ya zagaya ta sau biyu,
ya ɗaga bonet, ɓera ya fito ya ba shi hanya.
Ya ce, "Malam, dubu ɗari huɗu, ta tashi."
Na rubuta a bayan tsohuwar rajistar ɗalibai.
Shafin ya cika.
Na juya, na bayansa ma ya cika.

Kafireta daga Ƙofar Ruwa,
wajen Okwudili, da ya rantse 'yar Faransa ce;
kwana tara ta yi ta soma tari.
Lagireto, fulogi, kuloci, robar birki,
gilashin baya da aka ciro daga wata gawa a Zariya.
Mai walda ya ɗaga shimfiɗar ƙasa,
muka hango tsakuwa ta cikin rami.
Ashe tsatsa ta ci rabonta
tun kafin a zauna rabon gado.

Adashina na shekara ya shige injin.
Ragon layya ya zama fenti, ruwan madara.
Saude ta ce, "Da kuɗin nan
da ka hau 'yar Kwatano mai sanyi,
har da canjin gyara rufin kicin."
Ban tanka ba.
Na sunkuyar da kai na ci tuwona.

Wata goma sha ɗaya.
Ran wata Laraba, bayan la'asar,
ta yi tari, ta yi atishawa, ta girgiza, ta kama.
Muryar nan!
Da ita nake gane Baba ya shigo layi
tun ina aji uku, in ruga in ɓoye ƙwallo.
Tasi'u na ta bayani a kan bakin mai,
ni kuwa na ba shi baya
ina goge ido da tsumman sifana.

Yanzu kullum bakwai saura kwata
ni da ita muke kama hanyar Gyaɗi-Gyaɗi.
Tana shan fetur kamar raƙumin da ya kwana uku bai ga rijiya ba.
A but akwai jarkar ruwa, da igiya, da waya,
da dutsen da nake sa wa taya in na tsaya a gangare.
A cunkoson Ƙofar Nasarawa allurar zafi tana hawa,
jinina yana bin ta a baya.
'Yan adaidaita suna leƙowa:
"Baba, a kai ta Gidan Makama mana!"

Wani ɗan Karota ya tare ni a danja,
na fara laluben takardu.
Shi kuwa zakin gaba ya shafa,
ya ce da irinta kakansa ya yi jigilar Gumel,
ya ce in wuce.
Sai ta ƙi tashi.
Shi ya tura.

Shekaranjiya a Dangi, ina jiran ta huce,
na buɗe ɗan akwatin gaba da ya daɗe a cije.
Wata takarda, ta yi jawur, an ninke ta huɗu.
Rubutun Baba ne, mai kwanciya dama:
fulogi, naira shida,
salansa, sha biyu,
saura bashin Ɗanliti bakanike, ashirin da uku.
Ba a soke layin ƙarshen ba.

Na daɗe ina kallonsa.
Ruwan lagireto ya daina tafasa ban sani ba.

Albashi sai ran ashirin da takwas.
Tasi'u ya ce salansa ta kusa faɗuwa.
Ni kuma gobe in na tashi daga aji
zan shiga Fagge in tambaya
ko Ɗanliti ya bar 'ya'ya.