Masu Gadin Ɗakin Sanyi

A tsibirinmu na Smøla rana takan fara rowa
tun daga Nuwamba. Ta leƙo, ta ga teku, ta koma.
Mu kuwa mun gama tonon karas,
akwati ɗari uku da goma sha ɗaya,
mun jera su har rufi a ɗakin sanyi,
mun ja ƙofa, mun bar inji yana gurnani.

Babana Oddvar ba ya tsoron guguwar teku.
Abin da yake tsoro ba shi da ƙara, ba shi da sawu.
Fari ne sol, kamar sabuwar auduga,
yakan fara daga karas guda mai ƙujewa a wuya,
ya miƙa zare zuwa maƙwabci,
maƙwabci ya miƙa wa maƙwabci,
kafin Fabrairu hannu ya nutse cikin akwati
kamar cikin kunun da ya kwana.
Bara sulusin gonarmu muka kwashe da shebur.
Warin ya bi rigarsa har coci.

Sai ga Tordis daga tashar bincike,
da takalmin roba da ya fi ƙafarta,
da jarka biyu na ruwa
mai kama da na wankin shinkafa.
Ta ce: rayayyu ne a ciki, bakteriya.
A fatar karas ɗinku na bara na samo su,
waɗanda suka kwana tsakiyar ruɓa suka fito lafiya.
Na tambayi kaina, wa ya yi musu gadi?

Baba ya ja da baya taku ɗaya.
Uwata shekara talatin ta yi tana aikin jinya,
ta tafasa cokali, ta tafasa tsumma,
har ta rasu ba ta faɗin wannan suna
sai ta yatsina fuska.
Ya ce: yanzu abin da Aslaug ta ƙare rai tana kashewa
shi zan fesa wa abincin mutane?

Tordis ba ta ja da shi ba.
Ta ce: ba duk mai shigowa da dare ne ɓarawo ba.
Waɗannan zama kawai suke yi a bakin rauni,
su lashe ɗan zaƙin da ke tsattsafowa,
su tofar da abin da fumfuna ba ta so,
in ta iso ta tarar babu masauki.
Ba ni akwati arba'in. Sauran naka ne.

Ya ba ta ashirin.
Ta yi musu alama da shuɗin alli.

Daga nan sai jira.
Dusar ƙanƙara ta binne tarakta,
ma'aunin bango ya kafe a digiri ɗaya.
Da tsakar dare nakan ji shi ya sauka da tocila,
yana shinshina akwatuna kamar mai neman hayaƙi.
Gaban masu shuɗi yakan daɗe
yana kasa kunne, sai ka ce za a ji gumurzun.
Ba a ji.
Yaƙin da ake yi a kan tsinin allura
ba a buga masa ganga.

Sha ɗaya ga Maris muka zazzage.
Ba abin al'ajabi muka gani ba, kada in yi ƙari.
Akwati ɗaya mai shuɗi ya narke gaba ɗaya,
Tordis ta tsuguna kansa tana rubutu, fuska a murtuke.
Amma sauran sha taran,
cikin kowane ɗari bakwai ko takwas muka jefar,
a marasa alama kuwa ashirin da 'yan kai.

Baba ya ɗauki guda, ya goge a gwiwar wando,
ya karya. Ƙaras!
Ƙarar ta daki bango ta dawo.
Ya tauna a hankali yana kallon jarkar da ba kome.
Ya ce: da Aslaug na nan da ta ce in wanke tukuna.
Ya sake gatsa.

Sannan ya tambayi Tordis,
bai ko ɗago kai ba,
ko su waɗannan ƙananan
suna jin sanyi.